Kilo Ashirin da Ɗaya a Tafin Hannu

Kowace Asabar da hantsi Auta yakan tuɓe takalmansa a ƙofar shagon Baba Mai Sikeli, ya ajiye makullai da waya da hula a kan benci, sannan ya hau sikelin da aka ƙera don auna buhunan siminti. Shekarunsa arba'in da huɗu, tela ne mai kekuna uku da suna a unguwa, amma a wannan shagon darajarsa ɗaya da ta buhu, sai dai shi buhu ba ya gaisuwa.

Kusan wata shida ke nan da ya zo neman auren Malama, 'yar Baba, wadda take koyar da lissafi a firamare. A ranar Baba ya dube shi daga sama har ƙasa. Kallon ya ɗauki lokaci, don akwai wurin kallo.

"Mijinta na farko kamarka yake," in ji Baba. "A kan matakala ya faɗi, ko arba'in bai cika ba. Mu shida muka sauko da shi, ni ne ta wajen kai. Ba zan sake ba."

Sharaɗin bai da tsawo. Auta ya hau sikeli ya buga kilo ɗari da hamsin da biyu. Baba ya ce nan da wata shida ko dai ya sauko ɗari da talatin, ko kuma a riga an yi masa tiyatar rage tumbin da yake bin layinta a asibiti. Kowane wata kuma sai an ga lamba ta yi ƙasa. In ba haka ba, Baba ya riga ya yi wa yayarsa Gwaggo alkawarin zai buɗe wa ɗanta ƙofa.

Ɗan Gwaggo malamin motsa jiki ne. A fili Auta yana ce masa ƙanena, a zuci kuwa Tsinke. Shi ne shaidar awo, kuma bai taɓa makara ba.

"Yaya Auta, a hankali dai," ya ce yau ma, yana zaune a kan babur ɗinsa a bakin ƙofa. "Sikelin nan marayan Allah ne."

"Kai ma ka zo ka hau mana, mu gani ko zai san an hau."

Malama ba ta yi dariya ba. Tana tsugune a ƙarshen sandar sikelin, inda wani ɗan gwangwanin ƙarfe yake rataye. Ita ce mai daidaita sikeli kafin awo, tun da Baba ya ce idonsa ya yi rauni. Ta miƙe ta karkaɗe hannu.

"Ya daidaita, Baba."

Auta ya hau. Ya saki duk numfashin da ke cikinsa, ko da iska ma tana da nauyi. Baba ya tura ƙarfen awo da ɗan yatsa, sanda ta yi lilo, ta tsaya.

"Ɗari da talatin da uku."

Baba ya ɗauki alli ya rubuta a bango, ƙarƙashin layin lambobin da suke gangarowa kamar matakala. Saura kilo uku, saura Asabar biyu. Ɗan Gwaggo ya daɗe yana duban bangon, ya dubi cikin Auta, ya ta da babur ya tafi ba sallama.

Akwai wani siririn lungu tsakanin shagon da bangon gidan Baba, inda ake jingine sikelolin da suka mutu. Nan Baba ya yarda Auta da Malama su riƙa tsayawa minti goma bayan awo, ƙofa a buɗe. Auta yakan shiga lungun a karkace.

"Ina da albishir," ya ce.

"Goronka yana hannun Baba, a bango."

"Wannan ya fi na bango. Ranar Laraba asibiti suka kira ni. Layi ya zo kaina, ran sha tara ga wata."

Malama ta dafe ƙirji. Wata shida yana zuwa wurinta bai taɓa ganin fuskarta ta buɗe haka ba.

"Alhamdu lillahi. Tela, kwana tara ke nan. Ka fara shan ruwa-ruwan da suka ce? Ai sai ka yi kwanaki a kansa kafin..."

"Tsaya mana, ba ki ji albishir ɗin ba. Na ce musu na gode, su ba wani."

Ta dube shi kamar da wani yare ya yi magana.

"Ka ce musu me?"

"Na ce Allah ya kawo sauƙi ta wata hanyar. Mutumin da ya zubar da kilo goma sha tara da ƙafarsa, me zai kai shi ƙarƙashin wuƙa? Nas ɗin har ta ce in zo su auna ni tukuna. Na ce mata ni kowace Asabar a hannun masana nake."

Ya yi dariya shi kaɗai. Ba wai bai fahimci aikin ba ne. Likita ya zana masa a takarda tun bara: za a yanki ɗan aljihu kamar girman ƙwai daga saman tumbi, a jona shi kai tsaye da hanji, abinci ya riƙa bi ta gajeriyar hanya. Cokali kaɗan ya ƙoshi, sugansa da hawan jininsa wataƙila su lafa, amma zai sha ƙwayoyin ƙarin sinadari har ƙarshen ransa, kuma ɗinki yakan iya yoyo. A matsayinsa na tela, Auta ya yaba da tsarin. Abin da bai so ba shi ne a ce shi ne yadin.

Ga kuma Inna. Tun ranar da ta ji maganar take kuka a kan tabarmar salla, tana cewa ita da cikakken tumbi ta haife shi, da cikakke kuma za ta mayar wa Mai shi. Da ya gaya mata ya fasa, sai da ta yi sujada, sannan ta tashi ta ɗora tukunya.

"Inna ta yi murna," ya ce.

Malama ta jingina da bango. Hawaye suka zubo mata ba tare da ta yi ko motsi ba.

"Kira su."

"Malama..."

"Ka kira su yanzu, Tela, don girman Allah."

"Me ya faru? Kilo uku ne fa. Ko aski na yi na rage ɗaya."

"Ba ka rage komai ba."

Ta faɗe shi a hankali, tana duban ƙofar shago.

"Ka ga gwangwanin nan da ke rataye a bakin sanda? Dalma ake zubawa a ciki don a daidaita sikeli. Giram goma a can, kilo guda ne a inda kake tsayawa. Watan farko ka hau ba ka sauka ko kaɗan ba, na ga Gwaggo ta fara zuwa gidanmu da fara'a. Sai na ƙara ƙwaya biyu. Na ce wata ɗaya kawai, kafin layinka ya zo. Layin bai zo ba. Na sake ƙarawa."

Auta ya nemi wurin zama, lungun bai da shi. Ko da akwai ma ba zai ɗauke shi ba.

"Tun yaushe?"

"Tun Asabar ta biyar."

"Duka sha taran?"

Ta gyaɗa kai.

Abubuwa suka riƙa dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Wandunansa uku da ya rage wa ƙugu da hannunsa, suka ƙi rufuwa, ya ɗora laifin a kan yadin zamani mai tsukewa in an wanke. Tafiyar safe da ya daina a wata na uku, da ya lura ko bai yi ba lamba tana sauka. Daren da ya ƙara faranti na biyu, Asabar ta zo ya ga ya zubar da kilo ɗaya da rabi, har ya yanke a ransa cewa jikinsa na musamman ne, irin wanda abinci ke ramarwa. Ya ma ba wani kwastoma wannan shawarar.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Kai? Kai da in ka ce wa mutum ɗinkinsa gobe ne, goshinka yake tona maka asiri? Da ka sani, da Baba ya karanta a fuskarka tun kafin ka tuɓe takalmi."

"Sai kika bar ni ina hawa ina sauka kamar..."

"Na bar ka kana zuwa. Abin da na iya ke nan." Ta share fuska da bakin mayafi, wasu suka sake zubowa. "Ka san yadda ake zama a gidan nan? Shekara huɗu ina ɗakin da na bari ina budurwa. In na yi dariya a ce na manta mamaci, in na yi shiru a ce in yi aure. Kowa ya zo da nasa mutumin. Kai kaɗai ne ka zo gyaran rigar makaranta ka tsaya kana ba ni dariya har na makara. Ina kirga kwanakin layin nan fiye da kai. Na ce in an yi aikin, lambar gaskiya za ta sauko ta tarar da ta ƙarya a hanya, in riƙa cire dalmar kaɗan-kaɗan, ba wanda zai sani har abada."

"Lissafi mai kyau."

"Ban sa da kai a ciki ba."

Ya ciro waya. Yatsunsa sun yi wa maɓallan girma kamar kullum. Nas ɗin da ta ɗauka ta gane shi, ta ce ai tun ranar Alhamis aka ba wata mata gurbinsa, har ta fara shiri. In yana so a mayar da sunansa, sai dai daga ƙasa.

"Ƙasan nan yana da nisa?"

"Wata goma, in ba a samu tsaiko ba. In rubuta?"

Ya dubi Malama. "Rubuta."

Da ya kashe wayar ta matso har yana jin ƙamshin allin da ke hannunta.

"Saura giram talatin," ta ce. "Sha biyar wannan Asabar, sha biyar ta gaba. In an ɗaura, an ɗaura. Wata goman mu jira shi tare, ni zan riƙe maka cokali. Kai dai ka hau ka yi shiru. Ka iya yin shiru sau biyu?"

"Minti goma sun cika, Uwata," muryar Baba ta fito daga shago.

Auta bai tafi gida ba, don ya san abin da ke jiransa a can cikin kwano mai murfi. Ya buɗe shagonsa ya tura ƙofa. Shekara ashirin da biyar yana zagaya ƙugun mutane da tef, yana gaya musu gaskiyar da ba su tambaya ba, amma rabonsa da ya zagaya nasa tun ranar da ya fara zuwa wurin Baba. A ranar, tef ɗin mai inci sittin ya gaza haɗuwa da faɗin yatsa uku.

Ya ɗaga riga, ya jefa tef ta baya, ya kamo shi da ƙyar. Ya ja. Ya riƙe numfashi ya sake ja.

Yatsa huɗu.

Ya zauna a kan kujerarsa da aka ƙara wa ƙafa ta biyar. Ta kowace fuska ya juya akwai mai ƙaunarsa a tsaye ya tare hanya. Inna tana ƙaunarsa da tukunya, Malama da dalma. Baba yana ƙaunar 'yarsa da alli. Shi kansa ya ƙaunaci kansa da faranti na biyu. A duk cikinsu Tsinke ne kaɗai bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Ya gwada yin shirun a gaban madubin gwaji. Ya tsaya kamar yana kan sikeli, ya saki fuska, ya ce a ransa ɗari da talatin. Kafin ya kirga goma zufa ta tsatso masa a goshi. Sai ya tuna mutum shida a kan matakala, da tsohon da ya riƙe wajen kai.

Da la'asar ya koma.

Baba yana zaune shi kaɗai, ya kwance cikin wani ƙaramin sikelin masu gwal a kan faranti, yana ɗaukar ƙusoshi kamar ƙwayar gero da hantsaki, ba tabarau. Auta ya lura da wannan, ya rasa inda zai ajiye shi.

"Yau Asabar biyu ce?" in ji Baba bai ɗago ba.

"Baba, so nake a sake auna ni. Amma kai za ka daidaita da hannunka."

Hantsakin ya tsaya.

"An auna ka da safe. An rubuta."

"Sikelin ba daidai yake ba."

"Shekara arba'in ina wannan sana'a, ba wanda ya taɓa shigowa ya ce sikelina ba daidai yake ba. Ka je gida, Auta. Ka gaji."

"Akwai dalma a gwangwanin, Baba. Ni na..." Zufa ta tsatso masa a goshi. "Ni na sa a zuba."

Baba ya ɗago ya dubi goshinsa, ya girgiza kai.

"Ko wannan ba ka iya ba."

Ya tashi, ya je ƙarshen sanda, ya kwance gwangwanin, ya zazzage a kan takarda. Da gefen yatsa ya ware wasu ƙwayoyin ya mayar, ko kirgawa bai yi ba. Sandar da babu kowa a kanta ta yi lilo ta tsaya cak a tsakiya. Sauran ya tattara ya kama hannun Auta ya juye masa a tafi.

"Riƙe. Giram ɗari biyu da goma. Ramarka ke nan gaba ɗaya."

Ba su cika tafin hannun ba. Auta ya tsaya yana dubansu.

"Ka sani."

"Ni na koya mata. Tana da shekara tara take daidaita mini sikeli. Ka zaci zan ga sanda ta kwana a ƙasa in ce iska ce?" Baba ya koma ya zauna, ya yi tsufa a cikin taku uku. "Idona lafiyarsa lau. Na ce ya yi rauni ne don kada a ce na gani. Ni ma layin nan nake jira. Ina so a yi maka aikin, in ga ka tashi, in ba ka ita in huta. Yaushe ne ma? Ta ce an kusa."

Sai a lokacin Auta ya gane Malama ba ta gaya wa Baba ba. Ya ji dalmar ta yi masa nauyi kamar da gaske kilo ashirin da ɗaya ce.

"Sun kira, Baba. Na ce su ba wani."

Baba ya juya ya dubi lambobin da ke bango. A waje wata mota ta wuce, ƙananan sikelolin da ke rataye suka yi ta kaɗawa.

"Saboda bangon nan?"

"Saboda bangon."

"Mu biyu muka yi ƙarya, kai kaɗai ka yarda da ita." Ya shafa fuska da hannu biyu. "Yanzu sai yaushe?"

"Wata goma."

Labulen ƙofar da ta haɗa shago da gida ya motsa. Malama ce, idanunta sun kumbura, da alama ta daɗe a wurin.

"Baba, a mayar da ita. Asabar biyu ce kawai. Ba wanda ya ji sai mu uku."

"Uwata, da bai faɗa ba, da na ci gaba da makanta har ranar ɗaurin aure. Na shirya yin hakan, Allah ya yafe mini. Amma an faɗa a gabana, a cikin shagona. In yayata ta tambaye ni ko awon gaskiya ne, me zan ce mata?"

"To ni zan jira wata goman."

"Ba zan yi miki dole ki auri kowa ba, kin sani. Amma na ce ƙarshen wata zan buɗe wa yaron nan ƙofa, kuma zan buɗe. Wannan kuwa," ya nuna Auta da haɓa, "ba zan ɗaura miki aure da matakala ba."

Ta juyo kan Auta. Ya zaci za ta yi faɗa, ya ma fi son ta yi.

"Sau biyu kawai na roƙe ka," ta ce.

"Na gwada a madubi, Malama. Bai yiwu ba."

Ya tuɓe takalmi. Ya ajiye makullai da waya da hula a kan benci. Dalmar ce ya rasa inda zai sa, sai ya hau da ita a hannu. Wannan karon bai saki numfashi ba. Baba ya tura ƙarfen, ya wuce talatin, ya wuce arba'in, ya wuce inda aka fara wata shida da suka wuce, sannan sanda ta yarda ta ɗago.

"Ɗari da hamsin da huɗu."

Wayarsa ta yi ƙara a kan benci. Inna ce, ya san tambayar: ya dawo ne a zuba, ko a rufe masa? Ba wanda ya taɓa wayar har ta gaji.

Baba ya miƙo masa allin.

"Ni na rubuta na ƙaryar. Wannan kai za ka rubuta."

Auta ya sauko ya je bango. A ƙarƙashin ɗari da talatin da uku babu sauran wuri, matakalar ta kai ƙasa. Sai da ya miƙa hannu can sama, sama da lambar farko, inda kowa zai gani tun daga titi. Ya rubuta ɗaya. Ya rubuta biyar.

Yana cikin zana huɗun ya ji babur ya tsaya a ƙofar shago, aka kashe inji. Muryar wata tsohuwa tana cewa a riƙe ta ta sauka, gwiwa ba ta da kirki.

"Ga shi nan ma, Gwaggonmu ta gari," in ji Ɗan Gwaggo daga bakin ƙofa, yana sauke wani sabon sikeli a kwali daga bayan babur. "Na ce miki ido ba ya... Yaya Auta, me kake rubutawa?"